Tikitin wasannin jami'a a Amurka: an biya ƴan wasa, ɗan kallo ya ɗauki kaya

Duk mai sana'a a kasuwa ya san in kuɗin mota ko na duwan ya hau, mai saye ne ke biya a ƙarshe. Abin da muke gani ke nan a wasannin jami'o'in Amurka tun shekarar 2025.

A can, ƙwallon jami'a babban kasuwanci ne. Filin jami'ar Tenesi na ɗaukar mutum sama da 100.000, wato kusan ninki uku na filin Janar Seyni Kountché na Yamai. A 2022 rukunin manyan jami'o'i da ake kira Big Ten ya sayar wa gidajen talabijin izinin nuna wasanninsa na shekara 7 a kan kusan miliyar 7 na dalar Amurka. Amma shekara da shekaru ɗaliban da ke buga wasan ba su da albashi, sai dai a ɗauke musu kuɗin karatu, abinci da makwanci. Kura da shan bugu, gardi da amsar kuɗi.

Ƴan wasa sun kai ƙara. A 2021 aka ba su damar cin kuɗin talla da sunansu. A watan Yuni na 2025 kuma wata alƙaliya a Kalifoniya ta amince da sulhun da ya bai wa kowace jami'a damar raba wa ƴan wasanta har miliyan 20 da rabi na dalar Amurka a shekarar farko, sama da miliyar 11 na CFA ke nan.

To, daga ina kuɗin za su fito? Tun cikin Satumba na 2024 jami'ar Tenesi ta shaida cewa za ta ɗora kashi 10 cikin 100 bisa tikitin ƙwallo na 2025, da sunan kason ƴan wasa, ban da ƙarin da ta yi a kan ainihin farashin. Jami'ar Clemson ita kuwa ta sa wa ɗalibanta kuɗin wasanni, dalar Amurka 150 a kowane zangon karatu, ko ɗalibi na zuwa kallo ko ba ya zuwa.

A ganinmu biyan ƴan wasa haƙƙi ne. Matsalar ita ce wanda aka aza wa kayan. Manyan masu horarwa na amsar miliyoyi a shekara, amma aljihun ɗan kallo da na ɗalibi aka fara laluba. Alhali ɗaliban nan su ke cika fili da ihu da kiɗa, abin da ke sa wasan ya yi armashi a talabijin. Ɗan kasuwar da ya kori masu cika masa rumfa, cinikinsa ya kora. Abu guda dai za mu yaba wa Tenesi: ta faɗi dalilin ƙarin a fili.

Mu ma muna da jami'o'i a Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa, kuma kuɗin shiga wasa ko daren biki daga lalitar uwaye yake fitowa. In masu shiri suka zo neman gudummuwarmu, mu tambaye su abu biyu: nawa ɗalibi zai biya a ƙofa, kuma me za a yi da abin da aka tara?