KAFIN MAI KARE YA SAYI TSOHUWAR MOTA

Tun zamanin kaka da kakanni kare yana da gurbinsa a ƙasar Zamfara. Shi ne abokin tafiyar maharbi, shi ne mai gadin garke, shi ne kuma ke kwana a bakin rumbu. Malaman Malikiyya ma ba su hana ajiye shi don farauta ko kiwo ko tsaron gona ba. A 'yan shekarun nan da sha'anin tsaro ya taɓarɓare farauta ta ja baya ƙwarai, amma bukatar mai gadi sai ƙaruwa ta yi. Masu gidajen kaji da lambuna a gefen Gusau, da masu gonaki a wajen Bunguɗu da Tsafe, da dama sun koma ajiye manyan karnuka irin na ƙetare. Wanda ya ajiye irin wannan dabba kuwa, lalle wata rana sai ya ɗauke ta, ko zuwa gona, ko zuwa wurin likitan dabbobi. Direban haya ba zai yarda a shigar masa da kare cikin fasinja ba, babur kuma ba ya ɗaukar dabba mai nauyin kilo 40. Sai magana ta dawo kan mota, ga shi kuwa aljihun yawancin mutane bai kai ga sabuwa ba.

Dā can al'amarin da sauƙi. Kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara harhaɗa motoci a 1975, kuma shekara da shekaru Fijo 504 wagon da a-kori-kura 404 su ne jakunan Arewa, ba garin da za a rasa bakaniken da ya san su. Yau waɗannan sun tsufa, 'yan kaɗan suka rage a kan titi. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023 da aka janye tallafin man fetur, aka kuma saki Naira a watan Yunin shekarar, kuɗin mai da na motocin da ake shigowa da su ya ninka ya sake ninkawa. Dala ɗaya da hukuma ke sayarwa wajen Naira 460 ta haura Naira 1,500 a 2024. Saboda haka kuskure wajen sayen mota yanzu hasara ce wadda mutum zai daɗe bai farfaɗo daga ita ba.

Babban kuskuren da ake yi shi ne a je kasuwar motoci da ido maimakon a je da lissafi. Sai mutum ya hango salun mai sheƙin fenti, dillali ya zuga shi, ya biya. Ran da tafiya ta kama da kare, sai a rasa inda za a sa shi. In an ɗora shi a kujerar baya, ga yawu ga gashi a inda iyali za su zauna da tufafin salla. In an ce a kauce wa wannan, sai a tura shi cikin but a rufe. To, wannan na biyun zalunci ne tsantsa. Kare ba ya gumi kamar ɗan Adam, da haki yake fitar da zafin jikinsa. Zafin jikin lafiyayyen kare yana tsakanin digiri 38 da 39 ne, da ya haura 41 ya shiga haɗari. A watan Afrilu kuwa zafin rana a Gusau kan wuce digiri 40 a inuwa, balle a cikin akwatin ƙarfe marar taga, kusa da salansa. Tafiya daga Gusau zuwa Tsafe, wajen kilomita 50, ta isa a buɗe but a tarar da mushe.

Don haka wanda ke da babban kare wagon ya kamata ya nema, watau motar da bayanta ke haɗe da cikinta, mai ƙofa a baya. Karen zai sami iska ɗaya da ta direba, direba yana jin motsinsa, kuma yana da nasa wuri daban da na mutane. Ga ta da ƙasa-ƙasa, tsohon kare ko marar lafiya zai hau ba sai an cicciɓe shi ba.

Cikin irin waɗannan, uku ne suka fi yawa a hanyoyin Arewa. Ta farko Golf 3 wagon, wadda 'yan haya suka riƙe. Injinta ƙarami ne, lita 1.6 ko 1.8, ba ta shan mai, kayan gyaranta kuma har a ƙananan garuruwa ana samu. Aibinta tsufa, domin an daina ƙera ta tun 1999, kuma yawancin waɗanda ake sayarwa sun sha lodi a haya. Ta biyu Volkswagen Sharan, wadda direbobi ke kira Sharon. Kujerunta na baya ana ciro su ɗai-ɗai, sai fili ya samu har a ajiye keji. Ta uku Toyota Sienna, mai faɗi da ƙarko da ƙofa ta ja, sai dai yawancinsu injinsu mai silinda shida ne, lita 3 ko fiye, mai shan mai kamar raƙumi ya sami rijiya. Mai ƙaramin ƙarfi ya auna wannan da kyau, don sayen doki ba shi ne wuya ba, ciyarwa.

Wasu za su ce ai a-kori-kura ta fi, tunda karen yana waje, ba ruwansa da mutane. Maganarsu da ƙamshin gaskiya, musamman ga manomi mai ɗaukar taki da buhuna. Amma fa da sharaɗi. Ƙarfen bayan a-kori-kura yakan yi zafin da zai ƙona tafin kare. In an bar shi sake, yana iya hango akuya ya yi tsalle mota na gudu. In an ɗaure shi da doguwar igiya a wuya, ya faɗa gefe ya rataye. Sai dai a yi masa keji a wurin mai walda, a ɗaure kejin da bodi, a shimfiɗa katako ko buhu, a yi masa rumfa. Bugu da ƙari, irin su Hilux kuɗinsu ya fi ƙarfin talaka, kuma mota ce mai jan idon miyagu a hanyoyin da ba su da lafiya.

Ko a cikin wagon ɗin ma wajibi ne a raba. Motar da ta yi karo tana gudun kilomita 50 a sa'a, duk abin da ba a ɗaure ba a cikinta zai wurgo gaba kamar wanda ya faɗo daga tsayin mita 10. Kare mai kilo 40 in ya faɗo wa direba a ƙeya haka nan, ba sai an faɗi sauran ba. Ragar ƙarfe a bayan kujera ba ta kai kuɗin taya ɗaya ba.

Sa'an nan batun lafiyar motar kanta. A wani wuri lalacewar mota ɓata lokaci ce kawai. A hanyar Gusau zuwa Tsafe da Funtuwa kuwa, inda aka sha tare matafiya, ko a ƙauyukan bayan Kwatarkwashi, mota ta mutu da la'asar sakaliya magana ce ta rai. Kada a yi cinikin biri a sama. Mai saye ya tafi da bakanikensa, ba na dillali ba. A tayar da injin da sanyin safiya a dubi hayaƙi. A buɗe lagireto a ga ko ruwa ya gauraya da baƙin mai. A bar ta tana aiki rabin sa'a a tsaye a ga ko za ta tafasa. A leƙa ƙarƙashi a nemi tsatsa da sawun walda, a ɗaga shimfiɗar ƙasa a sansana, domin cikin motocin da ake kawowa daga Amurka akwai waɗanda ambaliya ta shanye. Tagogin baya su riƙa sauka, ƙofar baya ta riƙa kulluwa sosai, don in robarta ta mutu hayaƙin salansa ta nan yake shiga, kuma wanda ke kwance a baya shi zai fara shaƙa. Kada kuma a zuba dukkan kuɗi a ciniki. A rage abin sayen taya da batir da gyaran birki, tunda wanda ya sayi rariya ya san za ta zub da ruwa.

Takardu ma haka. Daga 1 ga Janairu, 2017 Gwamnatin Tarayya ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin tudu, amma 'yan fasa-ƙwauri ba su daina ba. Motar da aka karyar da kuɗinta fiye da kima, a binciki takardar kwastan ɗinta, a gwada lambar da ke jikin takarda da wadda ke jikin mota. Baƙin gilashi kuma, ko da yana rage zafi, yana bukatar izinin 'yan sanda, yana kuma jawo tsaiko a shingayen bincike. Shi ma karen yana da tasa takarda, watau shaidar allurar haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan ciwo yana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, kusan dukkansu ta cizon kare, alhali ga cibiyar binciken dabbobi ta Vom tana yin allurar a nan gida.

A nan hukuma tana da rawar takawa. Ya kamata jami'an duba lafiyar motoci da na kiyaye haɗurra su riƙa tsawata wa duk wanda aka kama ya kulle dabba a but, kare ne ko rago. Ya kamata ƙungiyoyin dillalan motoci na Gusau su tilasta wa 'ya'yansu barin mai saye ya gwada mota da bakanikensa kafin a karɓi la'ada. Ma'aikatar kula da dabbobi kuma ta kai allura Tsafe da Bunguɗu a kai a kai, don a rage wa jama'a doguwar tafiya.

Dabbar da ta hana idonta barci don maigida ya yi nasa, amana ce a hannunsa. Wanda ya iya sayenta ya iya ciyar da ita, to, ya nema mata wurin zama mai iska a motarsa, ko da fentin motar ya koɗe.