Raddi ga Mai Cewa Sikitiyawa Turkawa Ne

Na karanta wata maƙala da ke cewa Sikitiyawa da Sarmatawa, makiyayan da suka mamaye arewacin Baƙin Teku tun kafin zuwan Annabi Isa, Turkawa ne, wai masanin harshe Vasili Abayev da ire-irensa son zuciya ya sa suka jingina harshensu ga dangin Farisanci. Zan bi hujjojin marubucin maƙalar ɗaya bayan ɗaya.

Ta farko, wadda ya ɗora komai a kanta: suna hawan doki, suna shan nonon goɗiya, suna ƙaura da amalanke, kamar Turkawa. Haba malam! Yaushe sana'a ta zama harshe? Bafulatani da Buzu da Balaraben Shuwa duk kiwo suke yi, wa ya taɓa cewa bakinsu ɗaya? Mai neman harshen mutane sai ya duba sunayensu da abin da suka bari a rubuce. A duwatsun birnin Tanayis, a bakin kogin Don, an sassaƙa sunayen mazauna da baƙaƙen Girkanci. Cikinsu akwai Bayoraspos, wato mai dawaki dubu goma. Ƙarshen sunan aspa ne, doki a harshen Awesta, dangin Farisanci, alhali Baturke at yake cewa. Shi kansa kogin fa? Har gobe don ruwa ne a bakin Osetiyawan tsaunukan Kafkas, jikokin Alanawa, wani reshen Sarmatawa. Dutsen kabarin Zelencuk da aka gano a 1888 yana maimaita furt, ɗan wane, kalmar da Osetiyawa ke faɗa yau. Abayev ya fitar da ƙamusun asalin kalmomin Osetiyanci juzu'i huɗu tsakanin 1958 da 1989, kalma bayan kalma. Wannan aikin ne za a ture da ƙwaryar nono? Abin da ciwo.

Ta biyu, wai marubutan Rumawa sun kira Turkawa Sikitiyawa. Sun kira, amma haka suka kira Gotawa da Rashawan farko. Duk wanda ya ɓullo musu daga arewa sunan da suke laƙaba masa ke nan.

Ta uku, wasu kalmomi masu kama da juna a kunne. Kama da wane ba ta wane. Rubutun Orkon na Turkawa na ƙarni na 8 ne, fiye da shekara dubu bayan marubucin Girka Herodotus ya siffanta Sikitiyawa.

Zargin son zuciya kuwa, sai marubucin maƙalar ya kawo dutse ɗaya da Abayev ya karanta ba daidai ba, sannan mu zauna.