Shin Za Mu Kafa Wa Mazan Jiya Gumaka?

 

Turawa suna da al'adar kafa duwatsu da mutum-mutumi don tunawa da sojojinsu. A fagen yaƙin Gettysburg na 1863, a Amurka, akwai irin waɗannan gine-gine fiye da dubu, har da na rundunonin da ke jan igwa da dawaki. A Landan kuwa, a 1925, igwar kanta aka sassaƙa da dutse. Wasu 'yan bokonmu sun gani sun yi sha'awa, suna cewa mu ma ai muna da filayen daga.

Lalle muna da su. A Ɗanyaya, arewa da birnin Kano, jama'ar Shehu Usmanu suka karya dawakin Sarki Alwali a 1807. A Tattarawa kuma, zamanin Sarki Alu, Kanawa suka gwabza da mayaƙan Damagaram, ƙasar da ke ƙera igwa tun zamanin Sarki Tanimu.

To amma mu tambayi kanmu, ta ina shirka ta fara shiga duniya? Bukhari ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa gumakan mutanen Annabi Nuhu asalinsu mutanen kirki ne da aka kafa wa alamu don tunawa. Da ilimi ya gushe, sai aka bauta musu. Manzon Allah (SAW) ya ziyarci shahidan Uhudu ya yi musu addu'a, bai yi gini a kansu ba. Mun fi shi sanin darajar shahidi ne? A ƙasar da har yau ake ɗibar ƙasar kabari don tabarruki, wa zai tsare dutsen nan daga masu shafa?

Sannan a Tattarawa Musulmi ne suka zubar da jinin Musulmi. Wane ɓangare za a ɗaukaka? Kuma a yankin da gona ke manne da gona, magada suna rabon ɗan fegi, gonar wane talaka za a karɓe?

Laifinmu a nan shi ne jahiltar tarihi. Ɗalibai nawa ne a Islamiyyoyinmu suka san abin da ya fitar da mutanen Ɗanyaya daga gidajensu? Wajibi ne malamai su karantar da wannan, matasa su zauna da dattawan ƙauyukan su rubuta abin da ya rage kafin a bizne shi tare da su, mu kuma yi wa magabata addu'a.

Allah Ya jiƙansu, Ya tsare mana tauhidinmu. Amin.