Kabewa Ma Ana Shan Ta

Jama'a, ga kaka ta yi, kabewa ta nuna. Kowace kasuwar ƙauye mutum ya shiga yanzu sai ya tarar da ita jibge a gindin itace, mai ita yana ta kiran masu saye, su kuwa suna taya masa kamar wanda ya tsinto ta a hanya. Dalilin a fili yake. Mu a wurinmu aikin kabewa bai wuce miyar taushe da fate ba, yanka guda kuwa ya ishi tukunyar gida. To, ina za a kai sauran?

Bari in ba ku labarin yadda mutanen Amurka ke yi da tasu. Can wajensu ne asalinta, gama masana sun ce a ƙasar Meksiko aka fara shuka ta, yau shekara wajen 10,000. Kakarsu tana kamawa daga Satumba zuwa Nuwamba, watau kusan daidai da tamu, lokacin da ganyayen itatuwa ke yin ja suna zubewa, sanyi yana shigowa. Da zarar wannan lokaci ya zo sai ƙasar duka ta koma kan kabewa. A daren 31 ga Oktoba sukan fafe ta su yi mata idanu da baki su kunna kyandir a ciki, wannan kam wasa da abinci ne, ba na yabonsa. A Alhamis ta huɗu ta watan Nuwamba, ranar bikinsu na godiya, da wuya ka ga gidan da ba a gasa ta da madara da ƙwai ba. A garin Morton na jihar Ilinoyi akwai ma'aikatar kamfanin Libby's, manoman kewaye suna noma mata kabewa musamman, ana dafawa ana niƙawa ana zubawa cikin gwangwani, uwargida ta saya ko da damina.

Sa'an nan kuma suna shan ta. A gida sukan dama niƙaƙƙiyar kabewa da madara mai kauri da sukari da kayan ƙamshi, su kaɗa da ƙanƙara, su ba baƙi a tambulan. Suna kiran irin wannan gauraye koktel. Galibinsu sukan tsiyaya barasa a ciki, mu wannan ba namu ba ne, kuma ba ita ke kawo garɗin ba. Kabewar da madarar su ne aikin.

Ga wani abin mamaki. A shekarar 2003 kamfanin Starbucks, masu shagunan kofi, suka fito da wani kofi mai madara suka laƙaba masa sunan kabewa, ana sayar da shi da kaka kaɗai. Jama'a suka yi caa a kansa. Ashe babu kabewa a ciki ko ta ƙwayar gero, kayan ƙamshi ne kurum! Sai a 1915... a'a, ba da nisa haka ba, sai a 2015 suka fara zuba ta ta ainihi. Shekara 12 ana cinikin suna. Mu da muke da abin a hannu, har yana ruɓewa a bayan rumbu, ba mu taɓa tunanin ludayi ba.

Yinsa ba wuya. A sami kabewa wadda ta ƙosa, mai taurin ɓawo, wadda cikinta ya yi ja kamar manja ya taɓa shi. A fere, a cire 'ya'yan, a yayyanka, a turara ta a madambaci har ta yi laushi. Turarawa ta fi, domin in aka dafa ta cikin ruwa mai yawa sai ta sha ruwa ta yi salam. A dame ta, a tace da rariya saboda zare-zaren nan. Ludayi guda na kabewa, ludayi uku na madara. Madarar shanu in ta samu, amma lalle a tafasa ta tukuna. In babu, ta gari ko ta gwangwani ta yi. A daka citta da kirfa da kanumfari a barbaɗa. A yi hankali da kanumfari, ƙwaya biyu sun isa kwano, in ya yi yawa shi kaɗai za a ji. Zaƙi kuwa ya rage ga aljihun mai gida, ko sukari, ko zuma, ko dabino jiƙaƙƙe. A burga da maburgi har ya yi kumfa. Da sanyin safiya a sha da ɗumi. Da rana a sanyaya, mai son tsami ya sa kindirmo maimakon madara, sai dai kindirmo ba ya hawa wuta, tsinkewa yake. Kada a bar shi ya kwana.

Na san wani zai ce, haba malam, abin miya ne za a sha da sukari? To, yakuwa fa? Tare suke shiga tukunyar taushe da kabewa, amma ga soɓorodo nan ana sha a kowace tasha, har ana loda shi a manyan motoci ana fitarwa ƙasashen waje. Gyaɗa ma ta miya ce, ba wanda ya taɓa ƙin kununta. Sabo ne kawai.

Akwai kuma batun lafiya. Jan nan na cikin kabewa jiki yana juya shi ya zama bitamin A, wanda rashinsa ke kawo wa yara dundumi, maiƙon madara kuwa yana taimakon jiki ya karɓe shi. Yaron da ke ture kabewa gefen kwano in ya gan ta a miya, da kansa zai miƙo moɗa.

Masu shayi da mata masu sayar da kunu, ku nake wa magana tun ɗazu. Ku gwada da ɗan kaɗan, ku ba malaman ofis da 'yan tireda su ɗanɗana, su ne masu kwabon kashewa da son sabon abu. In suka karɓa, manomi ya sami mai saye na biyu bayan mai miya, ya kuma daina jefa iri a bakin shinge don Allah ya kiyaye, ya ware mata kunya tata da taki.

Amma ciniki ba ya tsayawa sai da kaya kullum, saboda haka kai manomi kada ka kwashe duka ka kai kasuwa mako guda. Ka bari sai jijiyar ta fara bushewa, ka yanke kowace da ɗan hannunta, kada ka fizge, gama ta nan ruɓa ke shiga. Ka shanya su kamar kwana 10 ɓawon ya ƙara tauri, sa'an nan ka jera su a inuwa bisa kara ko rumfa, inda iska ke ratsawa, ba tare da ɗaya ta hau ɗaya ba. Wadda ta ƙuje ko ta tsage a fara cinye ta. Masu lafiya za su kai ka tsakiyar hunturu, lokacin da kabewa ta yi ƙaranci a kasuwa, kowa kuma yana neman abu mai ɗumi da safe.