Kayan Aro Ba Ya Rufe Katara

Duk wanda ya ji sunan James Bond, Ian Fleming ne ke faɗo masa a rai, marubucin da ya fito da wannan ɗan leƙen asiri a 1953. Ni kuwa yau ina so mu waiwayi waɗanda suka yi aiki a inuwarsa.

A watan Yulin 1958, shekara huɗu kafin fim na farko, jaridar Daily Express ta Landan ta fara buga labarin Casino Royale cikin zane, 'yan hotuna jere kowace rana. John McLusky ne ya zana, Anthony Hern ya mayar da littafin gajerun zantuka. Daga bisani Henry Gammidge ya karɓi alƙalamin, Peter O'Donnell kuma ya rubuta Dr. No a 1960.

Kada mai karatu ya raina wannan aiki. Marubucin littafi yana da ɗaruruwan shafuka da zai baje kolinsa. Shi kuwa mai rubuta zanen jarida, kullum sai ya tuna mana inda aka kwana jiya, ya tura labarin gaba, ya kuma bar mu da ƙishirwar gobe, duk cikin 'yan jimloli. A ganina wannan adabi ne cikakke.

Sai dai gonar ba tasu ba ce. A 1962 Sunday Times ta buga wani gajeren labarin Bond da Fleming ya sayar mata. Mai Daily Express, Lord Beaverbrook, ya fusata, ya sa aka datse Thunderball ana tsakiyar bugawa. Manya suka yi rigimarsu, marubuci da mai zane da masu karatu suka kwana a ciki. Sai a 1964 zanen ya dawo.

O'Donnell ya ɗauki wata hanya. A 1963 ya ƙirƙiro tasa jarumar, Modesty Blaise, a jaridar Evening Standard, ya yi ta rubuta ta har 2001. A nan ruwa ya canza hanya: daga zanen jarida aka samu littattafai, na farkonsu a 1965, kuma da sunansa a bango.

Saboda haka kirana biyu ne. Masu nazari, mu riƙa ambaton wanda ya sarrafa labari kamar yadda muke ambaton mai shi. Matasan marubuta kuma, ku koyi sana'a a gonar wani, amma kada ku tsufa ba ku sari taku ba.