Gubar dalma a kayan yaji: Yadda Bangladesh ta raba kurkum da hodar fenti

Akwai wata hoda mai ruwan ɗorawa da masana'antu ke haɗawa da dalma da kiromiyam domin rina fenti da roba. Masana na kiran ta led-kiromet. Ba a yi ta don ci ba, amma ta shafe shekaru tana shiga tukunyar miya.

A Bangladesh, masu sarrafa kurkum sun riƙa goga hodar a jikin saiwar saboda masu saye sun fi son mai launi shar. Masu bincike na Jami'ar Stanford da cibiyar icddr,b da ke Dhaka ne suka bi sawun dalmar da aka gano a jinin mata masu juna biyu har zuwa wannan kurkum.

Haɗarin biyu ne. Dalma tana lalata ƙwaƙwalwar yaro tun tana girma, tana taɓa ƙoda, tana kuma jawo hawan jini ga manya. Nau'in kiromiyam da ke cikin hodar kuma na haddasa cutar kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da za a ce ba ya cutarwa. Sau da yawa ba a ganin alama sai illar ta yi nisa.

A 2019 hukumar kula da ingancin abinci ta Bangladesh ta baza sanarwa a kasuwanni, ta shiga da na'urar gwaji, ta ci tarar waɗanda aka kama. Kurkum mai dalma da ya kai kashi 47 cikin 100 na samfuran kasuwa a 2019 ya koma sifili a 2021.

Sai dai matsalar ba ta tsaya a can ba. A 2023 an janye wani abincin yara na tuffa da kirfa daga kasuwannin Amurka, daga baya kuma aka gano irin wannan hoda a kirfar da aka sarrafa a Ekwado. Fiye da mutum 500, akasarinsu ƙananan yara, abin ya shafa.

Najeriya ta san ɗacin dalma, tun da gubarta daga haƙar zinare ta kashe yara aƙalla 400 a Zamfara a 2010. Darasin Bangladesh shi ne ido ba ya gane kurkum mai guba. Gwaji a kasuwa da hukunci a bainar jama'a ne suka sa 'yan kasuwa suka daina.