Gudumar tururi da maƙeran Diffa

A shekara ta 1839, a ƙasar Ingila, masu gina jirgin ruwan nan Great Britain suka rasa maƙerar da za ta buga musu ƙaton sandan ƙarfe na injin jirgin. Gudumomin zamanin ba su tashi sama sosai; in ƙarfe ya yi kauri, sai bugu ya rasa ƙarfi. Injiniya James Nasmyth ya zana guduma wadda tururi ke ɗagawa tsaye, ta faɗo da nauyinta. Amma a Faransa aka fara ƙera ta: da ya ziyarci masana'antar Schneider ta garin Le Creusot a 1842, sai ya tarar da irinta, aikin François Bourdon, tana bugu. A 1877 masana'antar ta kafa mai nauyin tan 100.

Nauyin bai kai biyayyarta ban mamaki ba. Mai riƙe da ita yakan sauke ta a hankali har ta fasa ƙwai cikin kofin gilashi, kofin bai tsage ba. Wato inji ya ɗauki wahala, ido da gwaninta suka zauna wurin maƙeri.

Wannan batu ya shafi Diffa. Manomin tattasai na gaɓar Komadugu ba shi da fartanya, lauje ko gatari sai ta hannun maƙeri. Shi kuwa maƙerin yana nan gaban uwar maƙera, yana laƙwasa tsohon ƙarfen mota da masaba, yaro na fama da zugazugi. Ƙarfinsa ke ƙarewa, ba basirarsa ba.

Ba wanda zai ce a kawo tururi. Tukunyarsa na cin makamashi da ruwa, alhali tuddan rairayi na barazana ga gonakin Maine-Sorowa da Gudumariya. Sare itace domin hura ta ɓarna ne. Abin da ya dace shi ne ƙaramar guduma mai aiki da lantarki, ko da inji irin na niƙa, wanda makanikan garin suka riga suka san gyaransa.

Wasu na tsoron samari masu ɗaga masaba za su rasa abin yi. Ai sai sun huta da masaba za su sami lokacin koyon walda da gyaran injin ban ruwa.

Ya kamata hukumomi, duk lokacin da suke tsara taimakon manoma, su sa maƙera cikin lissafi: a haɗa su ƙungiya, a ba su guduma ɗaya bashi, su biya bayan an sayar da tattasai.